Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin ƙungiyoyin dirama da masu shirya fim na Katsina

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayena, yayyena da ƙannena a wannan sana'a, Allah ya ƙara girma. Bayan gaisuwa da fatan kowa na lafiya tare da iyali, da ma ban so in fito da wannan magana fili ba. Na yi ta a majalisa, na yi ta a wajen ɗaurin aure, na tari wasunku da ita a bakin masallaci. Kullum sai a ce "gaskiya ne, Malam", a yi musabaha, kowa ya kama gabansa. Shi ya sa na ce bari in rubuta, ko takarda ta fi bakina sa'a.

Shekara goma sha tara ke nan ina riƙe da ƙungiyar dirama a wata makarantar sakandare a nan cikin gari. Da yawa daga cikin yaran da kuke sawa a finafinanku masu dogon zango na YouTube ta hannuna suka biyo. In na gan su ina jin daɗi, ina kuma jin kunya. Yaro zai bar hannuna da ɗan abin da ya iya, bayan shekara uku in gan shi a waya ya yi ƙiba, shaddarsa ta ƙara tsada, amma wasan yana nan inda na bar shi, wani lokaci ma ya ja baya. Ban ga laifinsa ba. Tun ranar da ya bar makaranta ba wanda ya sake koya masa komai. A kira shi lokeshin, a ce masa "a nan za ka yi fushi", a ce akshin, a ce kot, a sallame shi da kuɗin mai.

Roƙona gare ku ɗaya ne: ku ware yini ɗaya a mako na horar da 'yan wasa, babu kyamara, babu ɗauka, kuma a haɗa da karatun abin da masana wannan fanni suka rubuta, wanda 'yan jami'a ke kira ra'i.

Na san amsar da za a ba ni, don na sha jin ta. Wai wasa baiwa ce, wanda Allah ya ba ya ba shi, wanda bai ba ba ko ya shekara goma a aji aikin banza ne. Ban musa baiwa ba. Amma ku nuna mini sana'a ɗaya a ƙasar Katsina wadda baiwa kaɗai ta wadatar. Ɗan maƙeri yakan daɗe yana zuga kafin a bar shi ya riƙe masaba. Makaɗin fada yakan yi shekaru yana amshi a bayan ubangidansa kafin ya buɗe baki da tasa waƙar. Yaron da kuke gani yana sukuwa a Ƙofar Soro ranar hawan Sallah ya sha ƙasa ba adadi a bayan gari, inda ba mai ganinsa. Mu kaɗai ne ke ɗauko yaro da safe don yana da fari da suma, ko don mabiyansa a TikTok sun yi yawa, kafin Magariba mu ce ya zama jarumi.

Bari in ba ku labarin abin da ya sa na daina taƙama da baiwa.

Wata shekara mun shirya wasa don bikin yaye ɗalibai. Labarin wani magidanci ne da ɓarayi suka kore wa shanu cikin dare. Yaron da ya fito a magidancin ba shi da na biyu a ƙungiyar. Da aka zo fitowar da zai iske garke wayam, ya cire hula ya buga da ƙasa, ya ɗora hannu biyu a ka, ya kurma ihu, ya faɗi yana birgima. Ni na koya masa haka, ba zan ɓoye ba. Sai zauren ya ɗauki dariya. 'Yan aji ɗaya har da tafi da fito. Yaron ya tashi ya kalle ni ta gefen labule, ni kuwa na rasa inda zan sa kaina.

Bayan an tashi, wani dattijo cikin iyayen yara, mutumin wani ƙauye ta wajen Batsari, ya ja ni gefe kusa da inda ake jingine kekuna. Ya ce, "Malam, yaron nan naka ya yi ƙoƙari, amma ba haka a kan yi ba." Na ce, "To Baba, yaya a kan yi?" Ya ce, "Ranar da aka kore mani nawa ban yi ihu ba. Na fito da asuba na iske turaku. Igiyoyin na nan, an yanyanke su. Sai na duƙa ina tsintar su ɗaya bayan ɗaya ina naɗewa, na je na rataye inda na saba ratayewa. Mai ɗakina tana yi mani magana, ban ji ba. Sai da ɗiyata ƙarama ta fito da ƙwaryar tatsa kamar kullum, sannan ƙafafuna suka kasa ɗaukata."

Da muka sake wasan a wani zango, na sayo igiya a kasuwa na yanyanka, na watsa a dandamali. Na ce wa yaron kada ya yi baƙin ciki, kada ya taɓa hularsa. Aikinsa kawai ya tsince igiyoyin nan duka ya naɗe da kyau, kamar wanda zai yi amfani da su gobe. Muka sa wata yarinya ta shigo da ƙwarya. A wannan karon ko tari ba a yi ba a zauren. Na ga wata uwa a layin gaba ta ja mayafi ta rufe fuska.

Abin da ya ba ni takaici daga baya shi ne da na gano an rubuta wannan darasi tun kafin a haifi mahaifina. Konstantin Stanislavski, mutumin Rasha, an haife shi a Mosko a 1863, ya mutu a 1938. A 1898 shi da abokin aikinsa Nemirovich-Danchenko suka kafa shahararren gidan wasan kwaikwayon nan na Mosko. Ciwon da ke damunmu shi ne ya dame shi: 'yan wasan zamaninsa sun haddace alamomi, in soyayya ce a dafa ƙirji, in fushi ne a zare ido, in mutuwa ce a dafa goshi. Ya ƙarar da rayuwarsa yana neman hanyar da ɗan wasa zai bi ya yi gaskiya kowane dare, ba sai ranar da abin ya zo masa da kansa ba. Yarana sun gaji da karya harshe wajen kiran sunansa, sun laƙaba masa Malam Sitani, ni ma yanzu haka nake ce masa.

Tambayoyin Malam Sitani ba su da wuya, amma ku gwada yi wa jarumanku su a lokeshin ku ga mutum nawa za su amsa. Wane ne kai a nan? Daga ina ka fito kafin ka shigo ɗakin nan? Ƙarfe nawa ne, ka ci abinci ko ba ka ci ba? Me kake nema a wajen wannan da ke gabanka, me kuma ya tare ka? Sai babbar cikinsu: da a ce ni ne abin nan ya sama, me zan yi? Ku lura, me zan yi ya ce, ba me zan ji ba. A ƙarshen rayuwarsa nan ya fi ba ƙarfi, cewa zuciya ba ta karɓar umarni, amma hannu da ƙafa suna karɓa. Ka ce wa mutum ya yi baƙin ciki, sai ya yi maka kwaikwayon baƙin ciki. Ka ba shi igiya ya naɗe, ya san dalilin naɗewar, baƙin cikin zai biyo shi da kansa. Dattijon Batsari bai taɓa jin sunan Mosko ba, amma da kalmominsa ya karanta mini wannan babi. Da na san shi tun farko, da ban sa ɗan mutane birgima a gaban iyayensa ba.

Akwai kuma inda rashin karatu ya wuce abin dariya ya zama cuta. Cikin koyarwar Stanislavski ta farko akwai dabarar da ɗan wasa zai tono wani abin baƙin ciki da ya taɓa samunsa ya yi aiki da shi. Lee Strasberg ya ɗauki wannan ya gina makarantarsa a kai a Amurka. Wata abokiyar aikinsa, Stella Adler, ba ta gamsu ba. A 1934 ta sami Stanislavski da kansa a Faris, ta yi makonni tana ɗaukar karatu a wajensa, ta koma ta ce malamin ya riga ya karkata ga ƙarfin tunani da nazarin halin da labari ya sa mutum a ciki. Wannan saɓani ya raba malaman wasa na Amurka gida biyu. Mu nan labarin ya iso mana rabi. Wata ɗalibata ta dā ta zo gidana tana ba ni labarin wani darakta da ya rasa yadda zai sa ta kuka, sai ya ce mata ta tuna ranar da aka kawo gawar mahaifinta. Ta tuna. Ya sami hawayen da yake so, ya ce kot, ita kuwa kukan ya ƙi tsayawa har aka kai ta gida. Ba ta sake komawa lokeshin ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ku tuna su wa ke zuwa mana yanzu: yara daga Jibiya, Safana, Ɗanmusa, Faskari, waɗanda idanunsu suka ga abin da mu manya ba ma iya faɗa. Wanda bai san yadda ake rufe irin wannan miki ba, ba shi da hurumin buɗe shi don fitowa ta minti biyu.

Kada wani ya ɗauka cewa nake mu zauna muna haddace sunayen Turawa. Rabin abin da nake so a karanta a ƙofar gidajenmu yake. In azumi ya kai goma yara suka fito tashe, ku tsaya ku kalli mai yin tsoho da gemu. Gemunsa audugar katifa ce, rigar ta kakansa ce tana jan ƙasa, yana dogara sanda yana tari. Ba wanda ya ruɗu. Matan gida sun san ɗan maƙwabta ne, shi ma ya san sun sani, yakan ɗan miƙe ya gyara gemun da ya zame ya koma ya ranƙwafa. Bai zama tsoho ba, nuna mana tsoho yake, kuma saboda haka muke dariya muna kuma tunanin yadda muke yi da tsofaffinmu. Wannan ita ce hanyar da Bertolt Brecht na Jamus ya yi ta rubuce-rubuce a kanta. Ya ga ɗan wasan ƙasar Sin Mei Lanfang a Mosko a 1935, abin ya tsaya masa a rai, domin shi ba ya son mai kallo ya nutse cikin tausayi har ya manta da tambayar wa ya jawo wannan hali. A 1949 ya kafa ƙungiyarsa a Barlin ya ci gaba da gwadawa. Abin da ya sha wahala yana koya wa ƙwararru, yaron Ƙofar Guga yana yin sa da auduga da ƙullun fulawa.

To amma kada mu yi saurin buga ƙirji. Yaron bai san me ya sa abin ke ci ba. Yana girma zai yar da shi a matsayin wasan yara, ya koma kwaikwayon jaruman Indiya. Amfanin karatu ke nan, ya ba mutum sunan abin da hannunsa ya riga ya iya, don ya iya maimaita shi da gangan ya kuma koyar. Haka 'yan kama, masu zama kamar malamai a gaban littafi suna jan baƙi da fassara, alhali duk zancen tuwo da miya ne. Na taɓa tsayawa ina kallon wani a bakin kasuwa. Mutane na faɗuwa don dariya, shi ko gezau, ya san daidai inda zai ja numfashi, ya san tsawon shirun da zai yi kafin ya saki kalmar ƙarshe. Wannan ilimi ne mai ƙa'ida, kuma masu shi suna ƙarewa. Ga wasan gauta da matan fada kan kwaikwayi sarki da hakimansa, ga kalankuwa bayan kaka. Wa ya je ya zauna da dattawan nan da littafi da alƙalami, ko da wayar hannu, ya tambaye su yadda aka koya musu?

Kuma ba a nesa masu wannan ilimi suke ba. An fara koyar da wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tun 1975 a ƙarƙashin Michael Etherton, lokacin muna jiha ɗaya da Zariya, don sai 1987 aka ba mu tamu. Har gidan wasa suka gina na ƙasa, irin ginin Hausawa, a Samaru. Malamai da ɗalibansu suka riƙa fita ƙauyuka, har da Maska ta wajen Funtuwa, suna zama da manoma suna shirya wasa da su a kan matsalolinsu. Aikin yana da dangantaka da na Augusto Boal na Birazil, wanda yakan tsayar da wasa a tsakiya ya kira mai kallo ya hau ya gwada tasa mafitar. Jami'ar Bayero ta Kano ma tana da sashen wannan fanni. Mota ɗaya ce tsakaninmu da su. Ni ban yarda cewa in ƙungiyoyin Katsina suka haɗu suka rubuta takardar gayyata, suka biya kuɗin mota da masauki, za a rasa malamin da zai zo ya kwana biyu ba.

Mu ma ba baƙi ba ne a fagen. Umaru Ɗanjuma Katsina, Kasagi, namu ne, kuma littafinsa Kulɓa Na Ɓarna na 1979 ya shiga makarantu ko'ina a Arewa. Mutanen zamaninsu ta daɓe da rediyo suka fito. Ko a Kano, Turmin Danya na 1990 da ake ƙirgawa a farkon finafinan bidiyo na Hausa, ƙungiyar dirama ta Tumbin Giwa ce ta yi shi, mutanen da suka saba tsayawa gaban jama'a. Daɓe makaranta ce mai bulala: in ka yi ƙarya nan take za a yi maka dariya, kamar yadda aka yi mana. Yaran yanzu ba su da wannan bulala. Kyamara ba ta dariya, edita kuma zai lulluɓe ɓarnar da kiɗan tausayi.

Ku saurari muryoyinsu. Tunda aka sami ƙaramar makirfo da ake maƙalawa a wuyan riga, ba mai koyon numfashi. Ka tsayar da jarumi a tsakar gidan firamare ka ce ya yi magana na ƙarshen fili ya ji ba tare da ihu ba, kafin minti biyar murya ta dishe. Ga rashin sauraro: biyu suna magana, amma kowa jiran layinsa yake, idonsa a mace. Sanford Meisner, wani malamin wasa a Amurka, ya ƙirƙiro atisayen da mutum biyu za su zauna fuska da fuska suna maimaita magana ɗaya, kowa yana amsa abin da ya gani a fuskar ɗan'uwansa. Na gwada shi da yarana da "ka makara", "na makara". Da farko dariya suke, zuwa mako na uku sai ka ji kalma biyun nan sun zama zargi, sun zama roƙo, sun zama barazana. Bai ci ko kwabo ba. Sannan harshe. Yaro ya tashi a gidan da ake cewa "mashi" da "ɗiyata", an ba shi matsayin manomin ƙauyen Katsina, amma sai ya murɗe baki ya koma Kananci don a ce ya waye. Ɗan wasan da aka horar shi ke zaɓar karin harshen da ya dace da wanda yake wakilta, Katsinanci ne ko Dauranci ko Sakkwatanci.

Masu cewa ba mu da kayan aiki, Jerzy Grotowski na Folan ya rufe wannan ƙofa tun littafinsa na 1968: ya yi ta cire fitilu da kwalliya da kayan ado har ya ga abin da ba ya ciruwa biyu ne, ɗan wasa da mai kallo. Aristotal na Girka kuwa, fiye da shekara dubu biyu da suka wuce, da ya jera ginshiƙan wasa guda shida, tsarin labari ya sa a gaba, abin burge ido ya sa a ƙarshe. Mu mun juya jerin. A fara neman aron gida mai bene da mota, labari a rubuta shi a hanyar lokeshin.

Ga yadda nake ganin za a yi, ku gyara inda na karkace. Asabar bayan La'asar zuwa kiran Magariba, a nemi aron aji ko zauren wata makaranta. Rabin farko na jiki da murya, rabi na biyu a ɗauki shafi biyu ko uku na wani masani, wanda ya iya Turanci ya warware da Hausa, a tashi a gwada nan take. Kalmomin da muka amince da su a rubuta su a littafi ɗaya, don kada kowa ya riƙa fassara tasa. Sau ɗaya a wata a gayyato dattijo, ɗan kama ko tsohon ɗan wasan rediyo, a ba shi goro mai kauri, a naɗi maganarsa. Kuɗin kuwa karo-karo ne, kowane furodusa ya ajiye abin da yake kashewa a abincin lokeshin na yini ɗaya.

Batun 'yan mata yana buƙatar kulawa ta musamman, don kun san irin kallon da ake wa sana'ar nan a gari, kuma ba duka zargin ne ƙarya ba. A yi komai da rana, ƙofa a buɗe, atisayen jiki mata su yi nasu daban a hannun mace. Uba ko wa da ke son ya zo ya zauna ya ga abin da ake koya wa 'yarsa, a shimfiɗa masa tabarma. Na ga iyayen da suka zo makarantarmu da niyyar cire 'ya'yansu daga dirama, suka zauna suka ga karatu ne da ladabi, suka tafi suka bar su.

Abu mafi nauyi yana wuyanku ku masu ɗaukar 'yan wasa. In ba ku ɗaure kanku da alkawari cewa ba za a ba kowa babban matsayi ba sai ya yi aƙalla wata uku yana zuwa horon nan, ba wanda zai zo. Yaro ba wawa ba ne, in ya ga wanda bai taka wajen ba shi ake kira, zai koma gyaran gashi da ɗaukar hoto. Kuma ina roƙon daraktoci su ma su zo su cire takalmi su shiga layi, don mai cewa "yi fushi" ya fi mai yin fushin buƙatar karatun.

Ranku ya daɗe, in na yi kaushi a wani wuri ku yafe mini, ɗanku ne kuma ɗan'uwanku. Ni dai na riga na yi magana da wani shugaban makaranta, ya ce zai ba da aji in ƙungiya ta rubuto a hukumance. Takardar nan ita nake jira daga gare ku. Tabarmi shida ina da su, littattafan da na tara suna cikin kwali, igiyoyin nan ma ban yar ba, suna rataye a bayan ƙofar ofishina.

Wassalam.

Naku,
Malamin dirama,
Ƙofar Marusa, Katsina.